Lambar da Ke Cikin Jinin Gwaggona

Tun da sankarar mama ta bazu a jikin gwaggona har ta kai ga ƙashi, ni ke raka ta asibiti, ni ke kuma karanta mata takardar awon jini. Abin da ake aunawa shi ne CA 15-3, watau wani sinadari da ƙwayoyin cutar kan zubar cikin jini. Na mai lafiya galibi ba ya wuce 30.

Mako huɗu da fara magani, sai lambar ta hau. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kada ka ɓoye mini, in tanadi likkafani?" Na yi shiru.

Likita ya ce lambar takan hau a farkon magani, sa'ad da ƙwayoyin ke mutuwa. Ciwon hanta ma yakan ɗaga ta, wasu kuwa cuta na cin su amma tasu ba ta motsi. Saboda haka sai an haɗa ta da hoton jiki da yadda majinyaci ke ji, domin ba a yanke hukunci da shaida ɗaya.

A wata na uku lambar ta sauka. Gwaggo dai ba ta warke ba, amma ta daina zancen likkafani.