Wayar Da Ta Karya Min Kasuwa

Jama'a, na daɗe ina jin haushin wayar salula, ba don komai ba sai don ita ce ta karya mana kasuwar littafi. A da in na gama labari sai in kai Kano a buga, 'yan kasuwa su kwashe. Yanzu kuwa kafin in mai da kuɗin bugu wata ta ɗauki hoton shafukan ta watsa a WhatsApp.

Da wannan haushin na je gaida ƙanwata, malamar aji biyu a wani ƙauye kusa da Wara, hedikwatar Ngaski. Ɗalibanta 'ya'yan masunta ne da manoma, Gungawa da Kambari, wasu ma kakanninsu na cikin waɗanda aka tayar da aka gama madatsar Kainji a 1968. Da harshen gida suke zuwa aji, Hausa ma sai a hankali, balle Turanci.

Da la'asar na ga ta hau tudu tana ɗaga waya tana neman sabis, na ce, "Ke ma kin kamu ko?"

Ta yi dariya ta ce, "Yaya, zo ki gani."

Ashe zaure ne na malaman Ngaski, Yauri da Shanga, suka buɗe shi a 2020 da korona ta rufe makarantu. Wani malami daga Shanga ya turo bidiyo yana koyar da tarawa da muraffan kwalba. Wata daga Yauri ta nuna yadda take yanka haruffa daga kwalin taliya. Ita kuma ƙanwata ta ɗauki dabarar ta zana abin da yaranta ke gani kullum: T tarwaɗa, K karfasa, R ragon ruwa, J jirgi. Da albashinta take sayen data, babu mai biyanta.

Washegari na bi ta aji. Wata yarinya ta ƙura wa bangon littafina ido, ta bi haruffan da yatsa har ta haɗa sunana. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, domin na tuna in yara irinta ba su iya karatu ba, wa zan rubuta wa?

Har yanzu ban yafe wa masu satar littafina ba. Amma kafin in hau mota na tura wa ƙanwata katin dubu biyu. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, amin.