Katunan Mahaifina

Yawancinku, ya ku yara, in aka ce kati, abin da za ku tuna shi ne wanda a ke kankarewa a sa wa wayar hannu kuɗi, ko kuwa karta da samari ke bugawa a gindin itace. To, akwai wani iri na uku wanda da wuya in kun taɓa gani, shi ne katin wasiƙa. Takarda ce mai kauri, girmanta kamar tafin hannun babban mutum. A fuska ɗaya an buga hoton wani gari ko wani abin kallo. A ɗaya fuskar kuwa an ja layi a tsakiya, a dama a rubuta sunan wanda za a aika wa da inda ya ke, a hagu a rubuta gaisuwa. Sa'an nan a manna kan sarki, a jefa cikin akwatin gidan waya haka nan, ba ambulan. Duk wanda katin ya bi ta hannunsa yana iya karantawa, don haka ba a rubuta asiri a jikinsa.

A ƙasar Ostiriya aka fara wannan dabara, cikin shekarar 1869, domin a sauƙaƙa wa mutane kuɗin aika saƙo. Ingila ta bi sawu a 1870, ana sayar da kati rabin kwabo, wanda kakanninku ke kira ɗari, alhali kuwa wasiƙa mai ambulan kwabo guda ce. Na farkon ba su da hoto, sai daga baya aka shiga ƙawata su. A 1902 ne hukumar gidan waya ta Ingila ta yarda a raba bayan kati biyu, a bar wa hoto fuska guda sukutum. Wannan kuwa ya zo daidai da lokacin da Turawa ke kafa mulkinsu a ƙasarmu. Sai masu ɗaukar hoto suka riƙa bin garuruwa, ana kai hotunan Turai a buga, a komo da su kantuna. Bature ya saya, ya aika wa iyayensa don su ga irin ƙasar da ya ke zaune.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, akawu ne a gidan waya. Ya kama aiki a 1956, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Nijeriya aka yi mata hawan daba a Kaduna. Baturen da ke shugabansu mutum ne mai sha'awar tara irin waɗannan katuna. Da zai koma gida a 1960, kaya suka yi masa yawa, sai ya ba mahaifina wani gwangwanin biskit da katuna wajen ɗari a ciki. Daga nan abin ya shiga ransa. In abokinsa zai tafi Makka, ko Kumasi fatauci, ko Ingila ƙaro ilmi, ba ya roƙon tsarabar hula ko turare, sai ya ce, "In ka isa, ka jefo mini kati." Mutanen unguwa har dariya su ke yi masa, suna cewa Malam yana kiwon takarda. Da ya rasu a 2009 aka zo rabon gado, ba wanda ya san kuɗin da za a yi wa gwangwanin. 'Yan'uwana suka ce tun da ni ne malamin makaranta, in ɗauka. Na ƙirga, na sami kati 412.

Bari in gaya muku kaɗan daga abin da ke ciki, gama in ba ku san shi ba, ba za ku gane nauyin abin da ya biyo baya ba.

Akwai hoton dalar gyaɗa ta Kano, dubban buhuna an jera su tsibi-tsibi sun yi tsini sama, ga leburori a jikinsu kamar tururuwa. Yau in kun je Kano ba za ku ga ko ɗaya ba. Akwai marinar Ƙofar Mata, da ayarin raƙuma a bakin ganuwa tun tana tsaye da tsawonta, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da jirgin ƙasa a tashar Kano, wanda hanyarsa ta iso garin a 1911. Akwai guda uku na Damagaram da rubutun Faransanci a ƙarƙashinsu, tun garin yana hedkwatar ƙasar Nijar, kafin a mai da ita Yamai a 1926. Tsofaffin duk baƙi da fari ne, amma waɗansu an bi su da launi da hannu, har ka ga an shafa wa rawanin mutum shuɗi ya ɗan zarce ya taɓa masa kunne.

Wanda mahaifina ya fi ji da shi kuwa ba wani kyakkyawan hoto gare shi ba, 'yan rumfuna ne kawai a bakin kogi. Darajarsa a bayansa ta ke. An jefa shi a Zungeru a 1908, zamanin da garin ke hedkwatar Arewa, zuwa ga wani akawu a Lakwaja, ga hatimin gidan waya ya fito sarai. Kan sarkin da ke jikinsa na ƙasar Nijeriya ta Arewa ne, irin wanda aka yi aiki da shi daga 1900 har zuwa 1914, lokacin da aka gama Kudu da Arewa aka yi musu kan sarki ɗaya. Hoton Sarki Edwad na Bakwai ke kai. Kun ga dalilin da ya sa Hausawa suka raɗa wa wannan 'yar takarda suna kan sarki ke nan, ko da ya ke na farkon da aka buga wa Arewa kan mace ne, watau Sarauniya Biktoriya.

Aikina shi ne zagaya makarantun firamare in duba yadda a ke koyarwa. Shekara goma sha biyar ban fita rangadi ba sai da katuna ashirin ko talatin cikin jakata. In na gama da malamai, sai in shiga aji biyar ko shida in raba wa yara, kowa ya riƙe ɗaya, ya duba gaba ya duba baya, ya faɗa wa 'yan'uwansa abin da ya gani. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi zama a kansa bisa ga abin da aka rubuta masa a allo, amma ban tabbatar da haka ba sai da na ga yaron da ba ya buɗe baki a aji ya tashi yana gardama a kan buhu nawa ne a dala guda.

A ƙarshen watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da mu ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kome ya bi ta ya tashi, daga kwanon masara har sabulu. Mai albashi irina, wanda da ya kan kai ƙarshen wata da ɗan saura, sai ya zama ran ashirin ga wata aljihu ya bushe. Muka rage cin nama, muka bar shayi da madara, muna lallaɓawa. Ana cikin haka, da bazarar 2024, 'yata ta uku, mai shekara tara, ta faɗo daga kan mangwaro ta karye a cinya. Likita ya duba hoton ƙashin, ya ce irin wannan karaya ba ta ɗori ba ce, sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma kada a wuce mako biyu, im ba haka ba ƙafar za ta gajarce. Kuɗin da aka yanka mini ya kusa albashina na wata biyar.

Na zauna na lissafa abin da na mallaka. Gona ba ni da ita. Babur ina da shi, amma in na sayar, da me zan je makarantun ƙauye? Adashin da mu ke yi a ofis na riga na kwasa tun da azumi. 'Yan'uwa da abokan arziki suka kawo gudunmawa gwargwadon ƙarfinsu, Allah ya saka musu, amma kowa da irin nasa nauyin, abin da aka tara bai kai sulusi ba. Rance kuwa da ruwa ba na ci. Sai gwangwani ya rage.

Ko da ya ke an ba ni shi halak malak, ban ga ya kamata in fitar da shi daga gida ba sai mahaifiyata ta sani. Na je na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye. Ta ce, "Kai, faɗi abin da ya kawo ka."

Na ce, "Inna, katunan Baba ne na ke so in sayar saboda aikin yarinyar nan."

Ta yi shiru, har na zaci ranta ya ɓaci. Can sai ta ce, "Ashe takardun nan suna da mai saye? Shekara arba'in ina share musu ƙura, ban sani ba. Je ka sayar. Da Malam na da rai, da kansa zai kai su kasuwa, ba zai tsaya tambayar kowa ba."

Da fari na nufi wani gidan ajiye kayan tarihi, don na fi so su zauna a ƙasarmu inda yara za su gan su. Ma'aikatan suka karɓe ni da mutunci, suka yi ta sha'awa, amma suka ce kyauta su ke karɓa, ba su da kuɗin saye. Sai wani aboki ya haɗa ni da wani Alhaji, dillalin tsofaffin kaya, wanda ke tallan hajarsa ta intanet ga masu tara irin waɗannan abubuwa a Turai da Amurka.

Ranar na ga wani irin karatu wanda ban taɓa gani ba. Alhaji ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗauko madubin ƙara girma, ya riƙa ɗaukar kati ɗaya-ɗaya ta gefe. Da ƙyar ya ke kallon hoton. Kusurwa ya ke dubawa ko ta lanƙwashe, da baya ko gara ta taɓa, da hatimi ko yana karantuwa. Ya kasa su kashi uku. Na kafin 1914 ya ware su gefe guda, ya ce su ne kuɗi. Na zamanin 1950 zuwa 1970 ya ce sai dai a haɗa su a yi musu kuɗi a dunƙule, don an buga su da yawa. Kashi na uku ya turo mini da bayan hannu, ya ce, "Malam, waɗannan ka koma da su, ba mai so."

Na duba, sai na ga su ne waɗanda suka fi shan hannu. Akwai na Makka wanda aminin mahaifina ya aiko, shayi ya zube a kansa. Akwai wanda shi kansa ya aiko wa Inna daga Ikko, watau Legas, sa'ad da aka tura shi kwas, ya rubuta da ajami don ta iya karantawa, ita kuwa ta ninke shi biyu ta ajiye cikin adudu. Ninkin nan shi ya kashe masa kasuwa. Ban taɓa murna da an raina kayana ba sai ran nan.

Da ya zo kan na Zungeru, ya daɗe bai ajiye ba, na kuwa lura. Ya taya duka, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Ya ce, "Malam, ka san fa ni ma sai na jira mai saye, wata shida ko shekara." Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, amma na Zungeru ba zai kwana bakwai a hannunka ba." Ya yi dariya, ya ce ashe na san abin da na ke riƙe da shi. Muka yi ta ja har la'asar, ya tsaya a kan kuɗin da ya kai albashina na wata uku da ɗan ɗoriya. Na san zai ci riba mai yawa, ban kuwa ga laifinsa ba, gama shi ya san hanyar masu saye, kuma mai gaggawa ba ya sayar da kaya da tsada. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bar ni in kwana da su. Ya yarda.

Daren nan ni da babban ɗana ba mu yi barci ba. Yana riƙe da fitila, ina ɗaukar hoton kowane kati da wayar hannu, gaba da baya, har muka gama 395. Da safe na kai, na ce na sallama, ya ƙirga mini kuɗi. Sha bakwai suka komo gida cikin gwangwani, suna ta kwaramniya don wuri ya yi musu yawa.

Aka yi wa yarinya aiki ran kwana goma sha ɗaya da faɗuwarta. Ta yi wata biyu da sanda, yanzu kuwa tana tsallen igiya da ƙawayenta, sai dai an hana ta hawan mangwaro. Ba na nadamar cinikin nan ko kaɗan. Abin da ke taɓa ni shi ne in na tuna hoton ganuwar Kano da na marinar Ƙofar Mata suna can cikin akwatin wani mutum a ƙasar da ba a jin Hausa, alhali jikokin marinan suna nan ba su taɓa gani ba. Alhaji ya gaya mini na Zungeru Jamus ya tafi, kwana biyar bayan na sallama.

Har yanzu ina zuwa rangadi, ina kuma shiga aji biyar da shida, amma da waya ɗaya maimakon kati talatin. Yara su kan taru a kaina, na baya suna ɗage, ina tura hoto da yatsa. Kwanan baya a wata makarantar ƙauye na nuna musu na Zungeru, na ce darajarsa a bayansa ta ke. Sai wata 'yar ƙaramar yarinya ta karɓi wayar da hannu biyu, ta juya ta, tana neman kan sarki. 'Yan aji suka fashe da dariya. Na tsawata musu, na karɓa, na turo mata hoto na biyu, ta karanta mana hatimin da ƙarfi, harafi ɗaya-ɗaya, har da shekarar.