Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Sanin Sikana

Ranar Alhamis ce, wata tsohuwar ɗalibarmu ta shigo ofis riƙe da takardar shaidarta. Makarantar koyon jinya na son kwafi ta intanet kafin Juma'a, in ba haka ba gurbin ya kuɓuce. Muka ce ai wannan aikin minti biyar ne.

Muka kunna sikana, fitilarta ta kama, amma kwamfuta ta ce ba ta gan ta ba. Muka sauya kafar USB, shiru. Muka aro wayar firinta, shiru. Mu da aka horar da alli da allo, sai ga gumi na keto mana a gaban yarinyar da muka koya wa baƙaƙe.

Ƙaramin malaminmu ne ya buɗe Device Manager, ya nuna mana alama rawaya kusa da sunan na'urar. Ashe kwamfutar na jin ta, yarenta ne ba ta sani ba. Manhajar direba da ke kan tsohon faifai ta 32-bit ce, sabuwar kwamfutar kuwa 64-bit. Ya sauko da wadda ta dace, muka kashe muka kunna.

Ana kiran la'asar takarda ta tafi. Yarinya ta durƙusa ta yi mana godiya, mu kuwa muka nuna mata wanda ya yi aikin.