Cin Rani Ba Tare Da Barin Gida Ba

A ƙasarmu ta Makoɗa gonaki sun matsu. Gandun da kakanmu ya noma da 'ya'yansa, yau an raba shi kashi-kashi, har abin da magidanci ya girbe ba ya kai shi wata kaka. Saboda haka tun da daɗewa, da zarar an zuba gero da dawa a rumbu, samari sukan tafi cin rani Kano ko Legas. Waɗansu kuwa su nufi madatsar ruwa ta Tomas domin noman rani da kamun kifi.

A Ingila da Amurka, idan mutum ya rasa aiki yakan rubuta sunansa a ofis, gwamnati ta riƙa ba shi ɗan abin masarufi kafin ya sami wani. Mu a nan ba mu da wannan. A shekarar 2016 an kawo shirin N-Power, inda aka riƙa ba masu digiri naira 30,000 a wata. A 2020 kuma aka yi shelar ɗaukar mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, a kan naira 20,000 a wata har wata 3. Sun taimaki waɗanda suka samu, amma wa'adi ya cika, an koma gidan jiya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar nan ta 2020 mutum 33 cikin 100 na masu iya aiki ba su da aikin yi. Ofishin marasa aiki a wurinmu, shi ne tukunyar uwa.

Ɗan ƙanena ya gama makaranta da difloma, ya yi shekara 2 yana zaman kashe wando. Daga baya wani ɗan kasuwa a Kano ya ba shi aikin rubuta lissafin kaya a kwamfuta, yana aika masa ta intanet daga ɗakinsa. Da fari ubansa ya ƙi, ya ce aikin da babu gumi ba aiki ba ne. Ni kuwa na ga cin rani ne, sai dai yaron bai bar gida ba. Da damina yana gona da safe, ran Lahadi yana majami'a, uwarsa kuma ta san inda ya kwana.

Amma kada mu ruɗi kanmu, 'yan'uwa. Aikin yana da wahalarsa. Wutar lantarki ba ta zama, sai an biya kuɗin caji, ko a sayi sola, ga kuma kuɗin data. Banda haka mazambata sun cika wayar. A 2024 na ga matasa da yawa suna kwana suna dangwalar waya, wai za su haƙo kuɗi, galibinsu kuwa ba su sami abin kirki ba. Don haka nakan tambayi yaranmu abu 3. Wa kake yi wa aikin? Wane amfani aikin yake yi wa mutane? An ce ka fara biyan kuɗi kafin a ɗauke ka? In amsar ta ƙarshe i ce, to, ka gudu.

Manzo Bulus ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa tare da Akila da Biriskila a Korinti, domin kada ya zama kaya a kan kowa. Kayan aiki sun sake, amma gaskiya da riƙon amana ba su sake ba. Iyaye, mu zauna da 'ya'yanmu su nuna mana abin da suke yi a wayar, maimakon mu yi ta faɗa kawai. Dattawan ikkilisiya kuma su duba ko za a sa sola a majami'a, wanda ya iya kwamfuta ya koya wa na baya, kamar yadda muke gayya a gona.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu aikin da za su ci abincinsu ba tare da kunya ba. Amin.