Daga Kano Zuwa Kyoto: Kwaɗo Mai Laima da Babban Yatsa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem yana danna maɓalli har yatsa ya yi kanta ya san Mario, amma ba kowa ya san garinsu ba. Kyoto ne, tsohon babban birnin Japan, inda sarakunan ƙasar suka zauna fiye da shekara dubu kafin fada ta koma Tokyo. A can kamfanin Nintendo yake tun 1889, lokacin da Fusajiro Yamauchi ya kafa shi yana sayar da karta mai zanen furanni da suke kira hanafuda. Ɗan ƙanwata da ke karatu a garin ne ya matsa mini lamba in zo a watan Yulin 2025, domin in halarci BitSummit, taron da masu ƙera wasannin kwamfuta da ƙarfin aljihunsu ke yi a Kyoto tun 2013.

Daga Kano ta Doha muka bi, muka sauka a filin jirgin Kansai, wanda aka cike teku aka gina shi a kai. Akwai ɗakin salla a ciki, tsaf-tsaf, har da wurin alwala. Na yi salla na shiga jirgin ƙasan Haruka, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci sai ga ni a Kyoto. Zafin garin a wannan wata ba irin namu ba ne. Rana ba ta kai ta Kano ƙuna ba, amma iskar a jiƙe take, riga na manne wa mutum a baya tun kafin ya kai bakin titi.

Mun fara da gidan tarihin Nintendo da ke Uji, kudu da Kyoto, wanda aka buɗe a Oktoban 2024 a tsohuwar masana'antar kamfanin. Da ƙuri'a ake samun tikiti, kuma yaron ya riga ya nema mana tun da wuri. A bene an jera kayan kamfanin tun daga karta har zuwa Switch. A ƙasa akwai madannai manya-manya waɗanda sai mutum biyu ke iya sarrafa guda: ɗaya ya riƙe tafiya, ɗaya ya riƙe tsalle. Da muka gwada Super Mario Bros. na 1985 a haka, sai na ga abin da yatsa ke yi a ɓoye ya fito fili. Wasan tsalle-tsalle gaba ɗayansa lissafin lokaci ne: yaushe za ka tashi, tsawon wane lokaci za ka riƙe, a ina za ka dira. Maɓalli ne ke gaya wa yatsa cewa umarni ya tafi, domin yana nutsewa ya dawo. Gilashin waya kuwa ba ya nutsewa.

Wannan tunani na shiga da shi zauren Miyako Messe, inda aka yi taron BitSummit, kusa da babbar ƙofar nan ja ta wurin bautar Heian. Tebura ne jere reras, kowanne da wanda ya ƙera wasan tsaye a gefe yana kallon fuskar mai gwadawa. A ɓangaren ɗalibai na tsaya gaban wata yarinya mai tebur ɗan ƙarami. Ba ta da babban allo, sai wayoyi biyu da wani littafi mai takarda gida-gida da ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi. Ta ɗan russuna, ta miƙo mini waya da hannu biyu.

Jarumin wasan kwaɗo ne kore mai riƙe da jar laima, yana ƙetare rufin gidaje a cikin damina. Babu maɓalli ko ɗaya da aka zana a kan gilashin. Ka taɓa ka saki, ya yi ɗan tsalle. Ka taɓa ka daɗe, ya yi dogo. Yana sama ka sake dannewa, laima ta buɗe, ya sauko a hankali iska na kaɗa shi. Ka ja yatsa baya, ya juya. Wayar a tsaye ake riƙe ta, kuma ƙasan allon duk ruwan kududdufi ne, babu abin da ke faruwa a wurin, domin nan ne mazaunin babban yatsa. Duk lokacin da kwaɗon ya dira, wayar kan yi ɗan girgiza a tafin hannu.

Ɗan ƙanwata ya zama tafinta. "Kawu, ta ce ka duba littafin, daga nan aka fara." Shafukan farko zanenta ne tun tana 'yar sakandare mai son Kirby, ɗan dunƙulallen jarumin nan mai launin hoda. Ta zana masa sabuwar duniya, da dodanni, da sunayen matakai, har da hoton kwalin da za a sayar da wasan a ciki. Ta ce Kirby: Canvas Curse na 2005 ne ya sa mata wannan buri, wasan Nintendo DS da ake zana wa jarumi hanya da ɗan tsinken taɓa allo. Shekaru wasan nata ya yi a takarda kawai. Da ta koyi haɗa manhaja, sai ta zana kibiyoyi da maɓallai a kan gilashi kamar yadda kowa ke yi, ta ba ƙannenta su gwada. Yatsunsu suka riƙa zamewa daga wurin, kamar mai laluben makunnin fitila a ɗakin da bai sani ba. Sai ta goge su duka ta koma ga tambaya ɗaya: me yatsa ke iya yi ba tare da ido ya duba shi ba?

Nintendo ma da wannan tambaya ta yi karo. Da ta fitar da Super Mario Run a Disamban 2016, sai ta bar Mario ya riƙa gudu da kansa, aikin mai wasa tsalle ne kawai, da hannu ɗaya. Yarinyar ta ƙara wata dabara da ta nuna mini a wani shafi: ko ƙafar kwaɗon ta bar bakin rufi, in dai taɓawar ta zo cikin ƙiftawar ido, wasan na karɓar tsallen. Ta ce mai wasa ba ya ganin wannan sassauci, amma da zarar an cire shi zai ce wasan ya yi masa rashin adalci.

Na tambaye ta ina Kirby ya tafi. Ta yi murmushi ta nuna kwaɗon. Da yamma, muna zaune a bakin kogin Kamo inda mutanen gari ke shan iska, ɗan ƙanwata ya ba ni sauran bayanin. Wani ɗan Ajantina, Milton Guasti, ya kwashe kusan shekara goma yana sake gina wani tsohon wasan Metroid don ƙauna kawai. Ya sake shi da sunan AM2R a Agustan 2016, cikin 'yan kwanaki Nintendo ta sa aka sauke shi, domin jarumar wasan tata ce. Wani ɗan Ostireliya kuma, Christian Whitehead, ya nuna Sonic CD yana aiki a iPhone a 2009, kamfanin Sega ya ɗauke shi, aka fitar da wasan a 2011, daga baya ya jagoranci Sonic Mania na 2017. "Kawu, ka ga ɗaya an rufe masa ƙofa, ɗaya an buɗe masa. Ita ba ta son ta jira ta ga wace za ta samu." Na ce masa ai kayan aro ba ya rufe katara.

A hanyar komawa gida yaranmu nake ta tunawa. Wayar da ke hannun matashi a kasuwar Farm Centre ta Kano irin wadda na riƙe a teburin nan ce, kuma yawancinsu da waya suka san wasa, ba da PlayStation ba. Manhajojin ƙera wasa irin su Godot da GDevelop kyauta ake sauke su. Jarumai kuwa muna da su a gida: ga Gizo da Ƙoƙi, ga kura da dila, ga langa da tun asali wasan tsalle ne da ƙafa ɗaya. Wanda ke da wasa a ransa ya sayi littafi ya zana shi, ya ƙera mataki ɗaya tak, ya miƙa wa ƙaninsa wayar ya tsaya yana kallon yatsansa. Ya so Mario iya so, amma jarumin da zai sa a ciki ya zama nasa.