Kogin Faro da Masu Kama Kifi da Gashin Tsuntsu

Da yawa daga cikin mutanenmu na Garwa sun san Binuwai ciki da waje, amma Faro sunansa kawai suke ji. Kogin yana gangarowa daga tudun Adamawa, ya nufi arewa ta yankin Poli, ya bar duwatsun Alantika a yamma, sannan ya zuba cikin Binuwai gabas da Yola, a Nijeriya. A gaɓarsa akwai gandun namun daji na Faro, wanda aka keɓe tun 1947, aka ɗaukaka matsayinsa a 1980. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 3,300.

Da damina ba ya shiguwa. Amma daga Janairu zuwa Maris ruwan yakan ja baya, ya yi garau har mutum ya hangi yashin ƙasa, sai gurabe masu zurfi a tsakanin duwatsu inda dorinai suke yini. A wannan lokaci ne waɗansu Turawa suke zuwa su, kuma a ranin bara na samu na bi wani ɗan'uwa direba na ga aikinsu da idona.

Ba su da kalli, ba su da birgi, ba su da mamari. Ko tana ba su sawa a ƙugiya. Abin da suke jefa wa kifi ƙwaro ne na ƙarya, wanda aka ɗaura da zare da gashin tsuntsu. Iri biyu ne: akwai mai yawo a saman ruwa, akwai mai nutsewa, wanda Ingilishi ke kira jiƙaƙƙen ƙuda. Shi wannan na biyu na fi sa wa ido, domin kifi ya fi cin abincinsa a ƙarƙashin ruwa.

Ga yadda ake ɗaura shi. Ana kafa ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe mai matsewa, don hannu biyu su sami sakewa. Sai a naɗe jikinta da zare tun daga ido har kusa da lanƙwasa, a komo; jikin ƙwaron ke nan. Wani kan zagaya siririyar waya mai ƙyalli a kai, ta ƙara ƙarfi da nauyi. Daga nan a zaɓi gashi guda mai laushi, a ɗaure bakinsa kusa da ido, a zagaya shi sau ɗaya ko sau biyu, sai zarurrukansa su bazu kamar ƙafafu. A ƙulle, a ɗiga ɗan mai sheƙi a kan ƙullin, shi ke nan. Laushin gashin shi ne asirin abin. In ruwa ya ja shi, sai ƙafafun su riƙa buɗewa suna rufewa, kifi ya zaci abu mai rai ne yake neman ceton kansa. Wanda ya cika gashi ya ɓata aiki, don ƙwaron ba zai nutse ba.

Wannan sana'a a Ingila da Sikotilan ta girma, a kan wani kifinsu na ruwan sanyi mai suna tirawut. Kowane ɗauri da sunansa. Partridge and Orange zaren siliki ne mai launin lemo da gashin wata tsuntsuwa 'yar'uwar fakara, ba ƙari. Greenwell's Glory an fara ɗaura shi a 1854 saboda kogin Tweed, har yau kuma ana amfani da shi. Abin da ya ba ni dariya, a cikin kayan ɗaurin Jock Scott, wanda ake ji da shi wajen kama kifin salmon, har da gashin zabo. Zabon nan dai da muke fige wa gashi mu watsar a bola.

To, amma giwan ruwa ba ta kula ɗan ƙwaro irin wannan. Nata ɗaurin ya kai tsawon tafin hannu ko ya fi, yawanci baƙi, da kai mai kauri na gashin barewar Turai. Da dare ake nemanta, lokacin da take fitowa farauta, kuma ba ido kaɗai take bi ba: akwai layi a gefen jikin kifi da yake jin motsin ruwa, shi ya sa ake son kan da zai tura ruwa in an ja shi. Mutum ya tsaya a kan dutse cikin duhu, dorina tana huci a gabansa, yana jifa yana ja, wannan kam sai mai ƙarfin hali. Tsage kuwa, wanda iri uku ne a Faro, dole a haɗa ƙugiyarsa da waya, in ba haka ba haƙoransa su datse igiyar nan take.

In sun kama, sai su auna, su ɗauki hoto, su sake shi. Masuntanmu suna ganin wannan wauta ce, ni ma ba zan ce masu iyali su yi koyi da ita ba. Sai dai a duba dalilin da ya sa manyan kifaye suka saura a nan. Inda ake zuba guba a gurbi, ko a ja kalli mai ƙananan idanu, uwa da 'ya'ya ake kwashewa tare. Masu haƙar zinariya kuma suna dagula ruwa da laka a sassan kogin. Baƙin nan suna biyan kuɗi ne saboda kifin yana raye. Ranar da ya ƙare, direba da mai dafa abinci da mai gadin dawa duk sun rasa aiki, masunci kuwa ya riga su rasawa.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai a matsayina na malami. An kai tirawut Kenya a 1905, aka zuba a kogin Gura, daga baya 'yan ƙasar suka koyi ɗauri. Yanzu ɗimbin ƙwarin da ake sayarwa a Turai da Amurka a Kenya ake ɗaura su, maza da mata suna ci da shi. Yaron da ya iya ɗinkin hula ko aikin zare a wuyan riga ba zai ɗauki wata guda bai iya wannan ba. Na nuna wa 'yan ajina da ƙugiyar kasuwa, da zaren tela, da gashin zabo. Ƙarfen matsewa kuwa wani maƙeri ya haɗa mana daga tsohuwar filaya.