Jika Goma Ta Wa? Darasi Daga Ƙofar Ran

Yau zan ɗan taɓo sana'ata ta gina manhajar kwamfuta, wadda nake yi a nan Ƙofar Ran tun da na baro Maraɗi.

A cikin manhaja akwai abin da muke kira furosija, wato guntun umarni mai aiki guda. Ni ɗan aike nake ce masa. Bayanan da ake miƙa masa kafin ya tashi kuwa su ne faramita. Yawancin rigimar sana'ar nan a wajen miƙa saƙon take.

Ga misali daga aikin da 'yan kasuwarmu suka fi kawo mini, wato lissafin kuɗin da ake aikawa gida. A Nijar dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, jika kuwa sefa 1,000. Amma dattijon Bauchi in ya ce jaka, naira 200 yake nufi, domin jaka fam 100 ce, kuma da naira ta zo a 1973 fam ɗaya ya koma naira biyu. To in ka miƙa wa ɗan aike "goma" tsurarta, goman wa zai lissafa? Shi ya sa nawa ba ya karɓar adadi sai tare da sunan kuɗin.

Kada mai karatu ya raina wannan. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda wani ɓangare ya aika lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya karanta shi da ma'aunin niyuton.

Na biyu, ba na binne farashin canji a cikin furosija. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, wannan ana iya ajiye shi wuri guda. Naira kuwa tun da Babban Bankin Nijeriya ya sake ta a watan Yunin 2023 ta sha hawa da sauka, don haka dole a miƙa farashin ranar daga waje.

Na uku, ɗan aike ɗaya, aiki ɗaya. Mai lissafi daban, mai buga rasit daban. In faramita suka wuce huɗu, nakan raba aikin gida biyu.

Kuɗin nan na cefanen iyayenmu ne da kuɗin makarantar ƙannenmu, kuskuren sifili ɗaya ya isa ya ɓata zumunci. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun sake haɗuwa.